Hucin Akwatin Ɗanliti

Ɗanliti ya sauko daga adaidaita sahu
rungume da amfilifaya kamar mai kai yaro asibiti,
ya dire min ita kan tebur
kusa da rediyon da ba a zo karɓa ba tun bara.

Ya ce, Sallau, huci take.
Ko ban taɓa jita ba, huci take.
Daren Asabar a Sabon Gari,
tsakanin waƙa da waƙa,
ina jin ta a bayana kamar kububuwa a rami.

Babu wuta a Fagge ranar.
Na ja janareto har sau huɗu kafin ya yarda,
na jona, na jira ta yi ɗumi, na murɗa.
Shiii,
kamar ruwan da ya taso daga Dawanau
bai iso gari ba tukuna.

Na san gunji, mai kaurin nan da ke kaɗa haƙori,
wanda ke cewa waya ta saki
ko kwandansa ta kumbura kamar ƙosai.
Wannan ciwo ne, kuma ina da dalma.
Na san ƙaras-ƙaras ɗin maɓalli mai tsatsa,
feshi biyu ya ishe shi.
Na Ɗanliti ba ko ɗaya ba ne.

Na ƙara murya, ya biyo ni.
Na rage, ya ja da baya.
Na zare wayar jita, ya sunkuya bai tafi ba.
Na kwance bayanta na kai hanci, babu ƙauri.
Allurar mita ta tsaya inda ya dace,
ko rawa ba ta yi.

Na ce, lafiyarta lau.
Wuta ce ke bin ƙananan lunguna,
in ta ji ɗumi sai ta yi raɗa.
Ita kuwa wannan, ƙara murya aka koya mata,
ba a koya mata tambayar mai muryar ba.
Tana ɗaga taka, tana ɗaga tata.

Bai ji daɗi ba.
Wanda ya taho da kuɗi a aljihu
cuta yake so a nuna masa.
Ya ce, ko wani abu ka canza mana.
Da na so, da na cire lafiyayye na sa lafiyayye,
na karɓi dubu biyar, mu rabu muna dariya.
Hannuna ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba.

Sai na miƙa masa jitarsa.
Ya kafa yatsu, ya ja tsirkiya sau ɗaya,
hucin ya nutse kamar allura a rijiya.
Mai shayin tsallaken titi ya waiwayo
da buta a sama, ya manta kofi.

Na ce, ka ji?
Rage mata ƙaimi in ba ka wasa,
sayi waya ta kirki, ka daina naɗe ta da janareto.
In hucin ya yi ƙiba, ko ya fara tari, ka dawo.
Ranar da ta yi tsit kuwa,
ka zo da gudu.

Ya biya kuɗin fetur ya tafi.

Abin da ban gaya masa ba:
shekara shida ke nan kunnena na hagu yana wannan hucin,
tun da wata lasifika ta fashe min a fuska.
Likita ya leƙa da tocila ya ce babu abin cirewa.
Na kashe janareto, shagon ya yi shiru,
nawa bai ɗauke ba.
Na jawo rediyon bara, na ɗauki sukudireba,
muka ci gaba, ni da shi.